Shiru a Sahun Magariba

A raka'a ta biyu liman ya gane abin da ya ɓace: ƙarar tafi.

Tunda aka fara yankan riɗi a gonakin Doka, bai taɓa jan Magariba ba sai leburori suna tafi suna kashe sauro a bayansa. Gidan sauro na kwanciya ne, ba ya rufe sahu. Bara zazzaɓi ya yi ta zare masa mamu, har riɗi ya tsage ya zube babu mai yanka. Yau kuwa tsit. Ko shi kaɗai ya rage?

Ya sallame, ya waiwayo a hankali. Sahu cike maƙil, hannuwa kwance a cinya.

"Ina sauron?" ya tambaya.

Wani lebura ya nuna bakin rumfar da suke salla. "Tambayi tsumman da ka ce a jefar, ya Shehi."

Yankin tsohon buhu ne da ma'aikaciyar lafiya ta jiƙa da maganin korar sauro ta rataye da hantsi. Iska tana ɗan kaɗa shi.

Liman ya daɗe yana kallonsa.

"Subhanallahi," ya ce. "Shekara da shekaru ina muku wa'azin natsuwa a salla. Ashe Allah ya ajiye ta a jikin tsumma."