Kofi Ɗaya a Gaban Suruka

Tun da aka kafa dokar maganin unguwa, mai son rabuwa da kodin ko tiramol ba sai ya je asibiti ba. Zauren unguwa zai shiga da hantsi, ya shanye ƙaramin kofin magani a gaban shaida, na'urar da ke bango ta ƙifta koren idonta, ya kama gabansa.

Wata bakwai Sallau makanike bai taɓa fashi ba. Ranar Talatar nan yana ɗaga labule sai ga sabuwar shaida a kan tabarma: Iya Tabawa, uwar matarsa Larai.

Ya durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Shekara tara da aure, ko ruwa bai taɓa kurɓa a gabanta ba. Ga jikinsa ya fara tsami, ya kuma san inda ƙafa za ta kai shi in ya fita bai sha ba.

"Iya, zan dawo an jima."

"An jima an rufe." Ta turo masa kofin, ta juya baya, ta gyara mayafi. "Wancan abin shi ke da ido. Ni kunne na kawo. Haɗiye in ji."

Ya haɗiye. Idon na'urar ya daɗe a kansa kafin ya ƙifta.

"Iya, Larai ce ta faɗa miki?"

"Ba wanda ya faɗa mini. Gani na yi 'yata ta daina kawo mini ajiyar 'yan kunnenta don gudun a sayar. Gobe ma ni ce a nan. Ka zo da wuri."