Maratayin Jita

Maratayin fata ya sake suɓucewa daga kafaɗata, jitata ta kiɗa ta daki siminti ta tsage. Karo na uku ke nan tun rasuwar matata Ummusalma. Shekara ashirin bai taɓa saki ba.

Ita kuwa ta tsani jitar nan. "Malamin makaranta guda, da kiɗa," take cewa. Har aka binne ta ban yafe maganar ba.

Na kai wa Sammani baduku maratayin a Ƙofar Marusa. "Fatar ma ta gaji da ni," na ce.

Ya nuna mini ɗinki bisa ɗinki a bakin hudar.

"Malam, duk aikina ne. Kowace Sallah Hajiyarka ke kawo shi in matse. Ta ce kada ka sani, kar ka ɗauka ta yarda da kiɗan."