Ruwa Ba Ya Ɗaci Banza

"Ajiye wayar nan, Malama. Mijinki na magana, kina yi wa wani ƙato murmushi."

"Karatu nake yi, Edita. Ko shi ma majalisa ta sa masa haraji?"

Edita ya ture kofin shayinsa gefe. Ba editan wata jarida ba ne, shafin siyasa gare shi a intanet mai suna Tsohuwar Zuma, inda yake kare ra'ayin mazan jiya: kada gwamnatin jiha ta rushe tsohuwar kasuwa, kada ta tarayya ta ƙara ciwo bashi, a bar wa iyaye tarbiyyar 'ya'yansu. Ya daɗe yana wannan aiki, da kalmomi masu nauyin buhun siminti. Matarsa, malamar firamare, ta taɓa ba shi shawarar ya riƙa rubutu kamar yadda yake magana. Ya ce siyasa ba hirar kicin ba ce.

Kwatsam sai wani ya ɓullo da nasa shafin, wai shi Dattijon Baranda. Ba suna, ba hoto. Ra'ayinsu ɗaya sak, sai dai shi Dattijon gajeru yake yi, masu yaji. Ranar da majalisar jiha ta ƙirƙiro harajin shara, Edita ya wuni yana rubuta "Nazari Kan Ginshiƙan Tsarin Haraji". 'Yan tsiraru suka buɗe, ciki har da surukinsa, wanda ya danna bisa kuskure. Dattijon kuwa cewa ya yi gwamnatin da ta kasa kwashe shara ta zo kwashe aljihu. Kafin yamma har masu facin taya suna maimaitawa.

Abin da ya fi ƙona wa Edita rai shi ne, duk abin da mutumin nan ya faɗa, ji yake kamar daga cikin kansa aka yage shi. Ɓarawon tunani, haka yake kiransa. Kullum in ya ci ya ƙoshi, sai ya baje a kujerarsa ta baranda ya zazzage wa Malama cikinsa: ministoci, 'yan majalisa, Dattijon kansa, kowa da rabonsa. Ita kuwa tana gefe tana duba aikin ɗalibai, wayarta a kife kusa da tiren shayi, ba ta ce masa komai sai "uhm".

Sau ɗaya ya taɓa shan iska. Lokacin da maƙogwaronsa ya kumbura likita ya hana shi magana, sai Dattijon ya yi ɗif. Edita ya ɗauka addu'arsa ce ta kama shi, har da ƙarin cin abinci. Bai gama murna ba, mutumin ya dawo da sabon yaji.

Sannan aka zo ga maganar rediyo. Wani gidan rediyo yana neman mai sharhin mako-mako daga ɓangaren mazan jiya, kujerar da Edita ya daɗe yana gani a mafarki. Manajan ya kira shi. Ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya fesa turare, ya tafi. Manajan ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi ruwa mai sanyi, sannan ya tambaye shi ko ya san inda za a samu Dattijon Baranda.

Shi ya sa yau idonsa ya rufe. Amma ya ce Allah ya ba shi makami. A rubutun safiyar nan kan kasafin kuɗi, Dattijon ya ce ruwa ba ya ɗaci banza. Ɗaci, in ji Edita, yana bugun gwiwa. Ko ɗan ajin Malama ya san tsami ake cewa. Mutumin da bai iya maganar kakanninsa ba, shi ne zai kare gadonsu? Ya riga ya rubuta raddi, ya kira shi jahili mai rigar dattawa, yanzu zai sake shi a shafi, ya kuma tura wa manajan.

Malama ta ajiye jan bironta, ta roƙe shi kada ya saki.

Ai kamar ta watsa fetur a garwashi. Ya tambaye ta meye haɗinta da Dattijon.

"Ni dai maganarsa tana burge ni," in ji ta. "Tun ba yau ba."

"Tun ba yau ba? Ashe kin san shi ke nan."

Ya miƙe yana lissafo laifuffuka da yatsu: ga murmushi, ga kife waya, ga kare masa. Ya ce an raba shi da masu karatu ya yi shiru, an raba shi da rediyo ya haɗiye, yanzu kuma har cikin gida.

"Ni fa ba yaro ba ne, Malama. Ruwa ba ya ɗaci banza."

Yatsansa ya tsaya a sama. Ya ji abin da ya fito daga bakinsa.

Malama ta juyo da wayar, ta danna. Wata murya ta cika barandar, tana caccakar kasafin kuɗi, tana tsayawa ta kurɓi shayi da ƙara, irin kurɓar da Malama ta gaji da yi wa Edita faɗa a kai. Malama ta ce kullum sai ta naɗi maganarsa, lokacin hutun tara take bugawa a makaranta da sunan Dattijon, tari da gyatsa kawai take cirewa, kuma manajan ya turo saƙo ta shafin, yana jiran amsa tun jiya.

Edita ya saurari kansa har ƙarshe. Ya zauna a hankali, ya jawo kofinsa.

"To ko ni ne," in ji shi, "ban yarda ki riƙa yi masa wannan murmushin ba."