Ragon Gidan Falalu

Ranar jajibirin Babbar Sallah, Alhaji Inuwa yana zaune a barandar gidansa da ke Nassarawa GRA, jarida a hannu, ido a kan get. Jaridar ta makon jiya ce, kuma ko layi ɗaya bai karanta ba.

Tsohon babban sakatare ne, wanda har yanzu bai yarda ya yi ritaya ba. Da ya rasa masinjan da zai daka wa tsawa, sai ya juyo kan mutanen gida. Ya kori mai gadi saboda ya yi jinkirin buɗe ƙofa. Kuku bai jira a kore shi ba, ya tattara komatsansa ya gudu. Matarsa Hajiya Maimuna ta koyi yin shiru tun kafin ya buɗe baki. Shi a ganinsa wannan ne ake kira kwarjini.

Ɗa ɗaya Allah ya ba shi, Usaid. Bara waccan yaron ya ajiye aikin da uban ya sama masa a ma'aikata, ya koma gona can wajen Wudil. Alhaji ya mare shi a gaban baƙi, ya ce kada ya ƙara taka masa gida, ya toshe lambarsa a waya. Fushin ya huce tuntuni, girman kai ne ya rage. Kewar ɗan tana cin sa har ya rame, amma so yake a ce yaron ne ya fara zuwa. Shi ya sa duk lokacin Sallah yake dasa kujera yana fuskantar get, in an tambaye shi ya ce iska yake sha.

Abin da ke ɓata masa zaman shi ne maƙwabcinsa, Alhaji Falalu, dillalin hatsi a Dawanau, wanda ya sayi gidan da wani alƙali ya taɓa zama. Ga cin goro, ga dariya kamar a kasuwa, ga shanyar barkono a inda alƙali yake ajiye mota. Inuwa bai taɓa amsa gaisuwarsa da baki ba, gira yake ɗagawa. A 'yan kwanakin nan Falalu ya yi ta zarya wai akwai magana, Inuwa yana sa a ce barci yake. Me mai awon dawa zai gaya wa babban sakatare?

Da hantsi wata mota duk laka ta tsaya a ƙofar Falalu, bayanta a buɗe, gilashinta a rufe, injin bai daina kaɗawa ba. Inuwa ya hango ta ta tsakanin ƙarafan get ya taɓe baki. Wani baƙauyen ne dai ya zo cin arziki. Sai kukan rago ya biyo baya, mai kauri, irin wanda ake ji har ƙarshen layi. To, an fara ke nan, za a mai da unguwar manya kasuwar dabbobi.

Tunda babu mai gadi, ƙaramar ƙofar a sake take. Ragon ya banke ta ya shigo yana jan guntuwar igiya. Fari ne tas, ƙahonsa ya murɗe, wuyansa ya yi kitse, da gani an sha wahalar kiwonsa. Bai zarce ko'ina ba sai cikin furannin da Inuwa ya fi ji da su fiye da mutane, ya sa baki.

Idon Alhaji ya rufe. Ya wawuri bututun ƙarfen da ake tokare get da shi, ya yi kan dabbar da babbar riga da komai. Hajiya Maimuna ta leƙo ta taga.

"Alhaji, dabba ce fa! Ka yi haƙuri!"

Ina, ai bai san wannan kalmar ba. Ya maka wa ragon a gadon baya, ya ƙara a ƙafa, ya sake ƙarawa har ƙashin ya ce ƙas. Ragon ya zube yana shure-shure. Dattijo mai furfura ya tsaya a kansa yana haki, yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi. Ya juya ga ƙofar da ke hangame, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Da dabbar da mai ita, kada in ƙara ganin ɗayansu a gidana har in mutu!"

A waje aka ji motar ta ja da baya a hankali, ta karya kwana, ta tafi.

Sai ga Falalu ya shigo da gudu, hula a karkace, sauran igiyar a hannu. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar ragon, ya yi salati.

"Sai ka je ka nemi wani," in ji Inuwa, yana karkaɗe hannun riga. "Gurgu dai ba ya layya. Ko a Dawanau ba a koya muku wannan ba?"

Falalu ya miƙe. Yau babu dariya, babu rusunawa. Ya dubi babban sakatare tun daga hula har takalmi, irin kallon da yake yi wa buhun da ƙwari suka cinye.

"Ai ba nawa ba ne, Alhaji. Usaid ne ya kiwata maka shi da hannunsa, ya ce in fara shigowa in roƙar masa gafararka. Shi ne a motar can da ta tashi."