Sheƙar Bargi a Kan Iyaka

Tun da aka rushe madatsar ruwa aka mayar wa masunta ikon fadama, doka ɗaya ce: duk gonar da kifin bargi ya yi sheƙa a cikinta ta koma hannun kogi, mai ita ya rasa ta. Kifin nan ya daɗe da ɓacewa, yanzu da ya fara dawowa ana lallaɓa shi kamar baƙon da ya taɓa tafiya da fushi.

Da hantsi Nomau ya je duba shinkafarsa, sai ga sheƙa cikin ciyawa, daidai kan iyakarsa da Jatau. A kan wannan ɗan wuri iyayensu maza suka mutu ba sa ga-maciji.

Sarkin Ruwa ya iso a kwalekwale, ya leƙa. "Gonar wa ce nan?"

Nomau ya buɗe baki zai kare gadonsa, sai ya ji kansa yana cewa, "Ta Jatau ce, ranka ya daɗe."

"Wallahi ta Nomau ce!" in ji Jatau, da ke tsaye a ɓangarensa na iyakar. "Babana ne ya matsar da gambar iyaka, kowa ya sani."

Nomau ya yi turus. Wannan ce maganar da mahaifinsa ya koma ga Allah yana jiran ji. Ya rasa ko murna zai yi, ko musu.

"Nomau," in ji Sarkin Ruwa, "gaskiya ya faɗa?"

Wani abu mai sanyi ya gogi ƙafarsa cikin ruwa, ya wuce ba gaggawa. Nomau ya dubi shinkafar da ta fara fitar da kai.

"A'a," ya ce a hankali. "Wurin na Jatau ne. Babana ne maƙaryacin."