Rubutun Alli a Bayan Rigata

Ina aji biyar a firamare na kayar da ɗan malaminmu na Turanci a kokawa. Bikin Uhola ya gabato, maza suna gwada ƙarfi a filin makaranta, ni kuwa na tattare siket na shiga. Sau biyu bayansa ya taɓa ƙasa, a gaban kowa.

Da muka koma aji da rana, Malam ya kira ni gaban allo, ya ce in juya. Na ji alli yana tafiya a bayan rigata, Malam yana danna shi har ƙashi.

"Gamine," ya karanta wa 'yan aji. "Daga Faransanci Turanci ya aro ta. Yarinyar da ta manta ita mace ce. Kada ki kakkaɓe sai ubanki ya gani."

Haka na ratsa kasuwa har unguwarmu Rikoto, yara na bi na da ihu. Ban yi kuka ba, amma garin allin nan har yau ina jin sa a maƙogwaro.

Yanzu gyaran babur nake yi a bakin tasha. Ran nan sai ga Malam, ya tsufa, yana turo nasa.

"'Yata, taimaka, ana jira na a coci."

Gyaran ba zai fi na minti biyar ba. Na ɗauki alli na rubuta lamba tara a tankinsa, na nuna masa benci cikin rana.

"Zauna, Malam. Kada ka goge sai layi ya zo kanka."

Babu kowa a gabansa a layin.