Tayoyin Daji a Kan Kwalta

Tunda ka ce zuciyarka ba ta kwanta da mutumin ba, Sagiru, zauna tukuna in ba ka misalin wani magidanci, in ya so sai ka je ka yi abin da ka ga ya dace.

Magidancin nan yana da jif ta iyali, aikinta bai wuce kai yara makaranta ba, sai kai uwargida gidan biki ko asibiti, duk a kan kwalta. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in ka gaishe su da fara'a sai sun shafa aljihu. Da tayoyin motar suka suɗe, ya ƙi aiken direbansa don kada a haɗa baki a yi masa ƙari, ya tafi kasuwa da kansa. Mai shagon ya tambayi inda motar ke zuwa, sannan ya nuna masa wasu masu ƙananan zane, ya ce su ne na titi, ba sa ƙara, ba sa wahalar da inji, kuma sun fi araha. Arahar nan ita ta ɓata lamarin. Magidanci ya ce a ransa, yaushe ɗan kasuwa ya fara tausayin aljihun wani? Kwantai ne yake so ya sauke mini. Da ya ɗaga kai sai ya hango wasu can sama, baƙi wuluk, masu manyan haƙora, irin na shiga daji da taɓo. Mai shago ya ce waɗannan ba na aikinsa ba ne, shi kuwa nan take ya tabbatar wa kansa cewa wani babban mutum aka ajiye wa su. Ya biya, aka ɗaura huɗu, ya dawo gida mota na gurnani yana jin ya ƙwaci kansa.

Ba a jima ba mai ya fara gudu. Tankin da ya saba kai su Juma'a sai ya riƙa gazawa tun Alhamis. Direban nan dattijo ne, shi ya ɗauko uwargida daga asibiti da ɗanta na fari, amma wannan bai hana maigida zuba masa ido ba. Da dattijon ya ce ko a kai motar a duba, sai aka ɗauka sawu yake son ɓatarwa. Ya tsaya gaisawa da wani ɗan bumburutu a bakin titi, aka ce ga mai sayen. Aka ga guntun tiyon wanke mota a but ɗin motar, aka ce ga abin zuƙar. Har sabon takalmin da surukinsa ya saya masa bai tsira ba. Wanda ya riga ya yanke hukunci ai ba ya rasa shaida. Rannan bayan la'asar, a majalisar ƙofar masallaci, ana hirar tsadar mai, sai magidanci ya nuna dattijon da baki a gaban kowa ya ce, "Ni dai mai shan man motata na san shi, ga shi nan zaune." Dattijo ya miƙe. Ya ajiye makulli a kan tabarma, ya sa takalminsa ya tafi.

Magidanci ya sa wa murfin tanki kwaɗo, ya koma tuƙa kansa, mai bai fasa gudu ba. Ya zargi famfon gidan mai, ya sauya wani. Ya zargi maigadi, ya zargi bakanike. Ana nan sai ɗaurin aure ya kama su a Zariya, shi da ƙaninsa mai irin motarsa sak, sai dai tayoyin ƙanin na titi ne. A famfo ɗaya suka cika tanki, suka bi juna zuwa da dawowa, kowa da sitiyari a hannunsa. Da suka iso gida allurar man yayan ta fi ta ƙanin yin ƙasa, ba kaɗan ba. Ƙanin ya zagaya motar, ya daki taya da ƙafa, ya ce, "Yaya, ai ga ɓarayinka nan su huɗu, kai ka ɗauko su da kuɗinka."

Kunya ta kama shi, kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi nadama ta gaske. Ya tafi gidan dattijon, ya same shi zaune a soro, don tun ranar babu wanda ya yarda ya ba shi mota a unguwar. Ya ba shi haƙuri. Dattijo ya ce, "Na yafe, Alhaji, duniya da lahira. Sai dai a gaban jama'a ka faɗa, yanzu kuma daga ni sai kai." Washegari magidanci ya miƙe a majalisa ya wanke shi tas, ya ce laifin tayoyi ne. Mutane suka gyaɗa kai, suka yi masa Allah ya saka da alheri. Yana juya baya suka ce, "Alhaji mutumin kirki ne, rufa wa tsohon asiri yake yi. Yaushe taya ta taɓa shan mai?"

Tayoyin dai kafin a sha shayi mai faci ya kwance su ya ɗaura na titi. Dattijon kuwa har ya bar unguwar, in zai wuce sai ka ga ana ɗan duba murfin tanki. Shi ya sa Hausawa suka ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.